Labarin Basine a Bakin Wani: Yadda Ƙagaggun Labaran Sin na Zamani Ke Canza Kama a Hanyar Fassara

A shekarar 1945 an buga wani littafi a Amurka mai suna Rickshaw Boy, ya yi kasuwa ƙwarai, kuma waɗanda suka karanta shi sun rufe shafin ƙarshe da sanyin zuciya, domin a can ne jarumin labarin, wani saurayi mai jan amalanken fasinja a titunan Beijing, ya kutsa gidan karuwai ya sungumi yarinyar da yake so, ya fice da ita a guje. Sai dai marubucin littafin, Lao She, bai taɓa rubuta wannan ƙarshe ba. A cikin na Sinanci, wanda ya fara fitowa kashi-kashi a mujalla a 1936 da sunan Luotuo Xiangzi, wato Xiangzi Raƙumi, yarinyar ta rataye kanta tun kafin ya iso, shi kuma saurayin da ya shigo birni da ƙarfinsa da gaskiyarsa ya ƙare a malalaci, mayaudari, wanda ke bin jerin gwanon biki da na jana'iza yana riƙe wa mutane tuta don a jefa masa 'yan kwabbai. Mai fassarar, wanda ya sa hannu da sunan Evan King, shi ne ya ga Amurkawa ba za su iya haɗiye wannan maɗaci ba, ya zuba musu zuma a kai.

Duk wanda ya san halin ɗan acaɓa ko direban adaidaita sahu da ke kai wa mai abin hawa balas kullum yamma zai gane girman ɓarnar da aka yi wa labarin. Burin Xiangzi guda ɗaya ne tak, ya mallaki amalanken kansa ya daina haya. Ya yi shekara uku yana ƙuntata wa cikinsa har ya tara kuɗin, ya saya, sojoji suka ƙwace. Da ya tsere daga hannunsu ya koro raƙuma uku ya sayar da su da arha, inda laƙabin nasa ya samo asali ke nan. Sau uku yana kamo bakin burin nan, sau uku yana kuɓuce masa, kuma abin da Lao She ke son nunawa shi ne cewa a irin wannan zamani ƙoƙarin mutum shi kaɗai ba ya fid da shi. Idan aka ba wa irin wannan labari kyakkyawan ƙarshe, an mayar da shi kishiyar kansa. Abin mamaki kuma, ba baƙi kaɗai suka taɓa shi ba, domin bugun da aka yi a Sin a 1955, bayan 'yan gurguzu sun karɓi mulki, shi ma an datse masa ƙarshen, tun da sabon zamanin ba ya son ganin ɗan ƙwadago ya lalace haka. Littafi ɗaya, almakashi biyu, kowane da dalilinsa.

Wannan misali ya tattara kusan dukkan abin da ya kamata mai karatu ya sani game da ƙagaggun labaran Sin da ake karantawa a wasu harsuna. Abin da ke isowa hannunmu ya bi ta rariya fiye da ɗaya: akwai ta harshe, wadda ba laifin kowa ba ce, akwai ta hukuma a gida, akwai kuma ta kasuwa a waje, wadda ita ce ba a cika maganarta ba alhali ta fi sauran tsananin tankaɗe.

Ta harshe ta faro ne tun daga ranar da aka haifi wannan adabi. Har zuwa farkon ƙarni na 20, rubutun da ake ganin girmansa a Sin ana yin sa ne da tsohon salon malamai da ake kira wenyan, wanda babu mai magana da shi a kasuwa ko a gida, kamar dai yadda malamanmu na da ke rubuta manyan al'amura da Larabci alhali da Hausa ko Fulatanci suke hira. Wanda ya fasa wannan ƙwarya a fagen gajeren labari shi ne Lu Xun, ɗan garin Shaoxing da aka haifa a 1881, wanda ya je Japan koyon likitanci a garin Sendai, ya watsar da karatun a 1906 bayan ya yanke cewa ciwon da ke damun mutanensa ba a jiki yake ba. A 1918 ya buga Kuangren Riji, wato kundin kullum na wani mahaukaci, a mujallar Xin Qingnian, da harshen da mutane ke magana da shi, baihua. Mahaukacin ya kwana yana bin littattafan tarihi, kowane shafi cike da kalmomin tausayi da adalci da kyawun hali, har ya gano cewa a tsakanin layukan kalmomi biyu ne kawai aka rubuta: cin mutane, ba a ma'anar wulaƙanci da muka sani ba, a ma'anar cin naman ɗan Adam.

Dabarar da ta sa labarin ya yi ƙarfi ita ce wadda ta fi wuyar ketarawa. Lu Xun ya rubuta gajeriyar gabatarwa da tsohon salon malamai, inda wani mai hankali ke shaida mana cewa maras lafiyar ya warke har ya tafi jiran muƙami a gwamnati, sannan ya rubuta haukan da harshen talakawa. Basine na ganin shafin zai ji cewa harshen masu hankali shi ne harshen masu cin mutanen, kuma warkewar ita ce masifar. Turanci ba shi da harsuna biyu a cikin ɗaya irin haka, don haka abin da mai fassara zai iya bai wuce ya cika gabatarwar da tsofaffin kalmomi masu kumbura ba, wanda ke sa ta zama abin dariya maimakon abin tsoro. Ah Q, ɗan ƙwadagon ƙauyen da Lu Xun ya ƙirƙira a 1921, ya fi samun sauƙin tafiya, domin halinsa ba ya buƙatar ƙamus: duk sanda aka lakaɗa masa duka sai ya ce a ransa ai ɗa ne ya doki ubansa, duniya ta lalace, ya tafi yana jin shi ya yi nasara. Babu garin da ba a san irin wannan mutum ba.

Akwai kuma ƙananan abubuwa da ke zubewa a kowane shafi ba tare da an ji ƙararsu ba, kuma a nan ne Bahaushe ke yin asarar da ba dole ba ce, tun da yawancin Hausawan da suka karanta waɗannan littattafai ta Turanci ko Faransanci ko Larabci suka same su. Ɗauki sunayen dangi. Sinanci ya bambanta wan uba, bobo, da ƙanen uba, shushu, da ɗan'uwan uwa, jiujiu. Ya bambanta 'yar'uwar uba, gugu, da 'yar'uwar uwa. Yana da kalma daban ga wa da ƙane, da ya da ƙanwa. Turanci ya tattara waɗannan duka ya zuba a kalmomi huɗu, alhali Hausa na da baffa da kawu, da gwaggo da inna, da yaya da ƙane, kuma mun san nauyin da kowanne ke ɗauke da shi a cikin gida. A littafin Mo Yan mai suna Wa, wanda ya fito a 2009, jigon labarin wata ungozoma ce da ta karɓi haihuwar dubban jarirai a karkarar Gaomi, daga baya ta zama mai tilasta dokar haihuwar ɗa ɗaya, tana farautar mata masu ciki na biyu. Mai ba da labarin ba ya kiran ta da komai sai Gugu, kuma mai fassarar Turanci ya bar kalmar yadda take domin ba shi da madadinta. Da Hausa kuwa Gwaggo ce, kai tsaye, da dukkan ikon da gwaggo ke da shi a kan 'ya'yan ɗan'uwanta, kuma mai karatu zai fahimci dalilin da ya sa mutum zai kasa ɗaga mata murya ko da matarsa ce take bi.

Sunan littafin ma wasa ne da karin sauti. Wa da sauti na sama a miƙe kwaɗo ne, wa da sauti mai hawa kuwa jariri ne, kamar yadda kuka ke zama itace ko hawaye a bakin Bahaushe gwargwadon yadda ya ɗaga murya ko ya sauke ta. Shi ya sa daren da kwaɗi suka far wa Gwaggo a bakin fadama, kukansu ya zame mata kukan jariran da ta hana zuwa duniya, kuma shi ya sa mai ba da labarin ya laƙaba wa kansa Talibambam. A Turanci sunan ya koma kwaɗo kawai, sai an yi bayani kafin a gane, wasa da kalma kuwa da zarar an yi masa bayani ya mutu.

Rariyar hukuma ta fi fitowa fili. Bayan 1949, shekarar da 'yan gurguzu suka karɓi mulki, gwamnatin Sin ta ɗauki fassara a matsayin aikin ƙasa: ta kafa mujallar Chinese Literature a 1951 da Maɗaba'ar Harsunan Waje a Beijing a 1952, daga baya a 1981 aka fito da jerin ƙananan littattafai da ake kira Panda. Ginshiƙan wannan aiki miji da mata ne, Yang Xianyi da matarsa Gladys 'yar Ingila, waɗanda suka haɗu a jami'ar Oxford, suka fassara Lu Xun da tarin tsofaffin littattafai, shi yana juyawa daga Sinanci, ita tana gyara Turancin. Hidimar da suka yi ba ta hana a ɗaure su shekara huɗu ba, daga 1968 zuwa 1972, a lokacin Juyin Juya Halin Al'adu, guguwar da ta ci Lao She kansa a 1966 bayan matasan Jajayen Dakaru, 'yan gani-kashe-nin wannan juyi, sun yi masa dukan wulaƙanci. Fassarar wannan maɗaba'a tana da amana ga kalma, amma hukuma ce ke zaɓen abin da za a fassara, don haka shekaru da dama abin da duniya ke gani shi ne manoma da sojoji masu kyakkyawan hali. Marubuciya kamar Zhang Ailing, wadda aka fi sani a waje da Eileen Chang, wadda ta yi suna a Shanghai a 1943 da labaran aure da kishi da lissafin dukiya a cikin manyan gidaje, ba ta da gurbi a wannan tsari. Ta bar ƙasar a 1952, ta rasu ita kaɗai a Los Angeles a 1995, kuma sai bayan rasuwarta sunanta ya yi ƙarfi a wurin masu karatun Turanci.

Bayan rasuwar Mao Zedong, jagoran 'yan gurguzun Sin, a 1976 ƙofa ta buɗe, marubutan da suka tashi cikin yunwa da gangamin siyasa suka fara zubo abin da ke cikinsu. Mo Yan, wanda sunansa na yanka Guan Moye, sunan alƙalaminsa kuma ke nufin kada ka yi magana, ya fito da labarin jar dawa, Hong Gaoliang, a tsakiyar shekarun 1980, kuma fim ɗin da Zhang Yimou ya yi da shi ya ci babbar kyautar bikin fina-finai na Berlin a 1988. Fim ɗin ne ya share wa littafin hanya, kamar yadda ya faru da Huozhe na Yu Hua, tsohon mai cire haƙori da ya koma rubutu, wanda labarinsa na Fugui, ɗan mai gona da ya caca da dukiyar gidansu sannan ya binne iyalinsa ɗaya bayan ɗaya, sai a 2003 ya fito da Turanci, kusan shekara goma bayan fim ɗinsa. Wani abu da ya dace a lura da shi shi ne cewa fassarar Hong Gaoliang da Howard Goldblatt ya yi a 1993 ba daga bugun Beijing aka yi ta ba, daga bugun Taiwan ne, wanda ya maido da wuraren da aka yanke, kuma marubucin ne ya nemi a yi hakan. A nan mai karatun fassara ya sami abin da Basinen gida bai samu ba, wanda ke nuna cewa ba kullum ne fassara ke ragewa ba.

Goldblatt shi ne mutumin da ba a iya tsallake shi a wannan fage, domin ya fassara littattafai masu yawan gaske, har wasu masu suka na cewa marubutan Sin da dama murya ɗaya suke da ita a Turanci, muryarsa. Lokacin da Mo Yan ya ci lambar Nobel a 2012 an yi ta muhawara a kan ko wa aka ba, marubucin ko masu fassararsa, musamman da yake a cikin alƙalan Suwidin mutum ɗaya ne ke karanta Sinanci, Göran Malmqvist, wanda kuma shi ne ya fassara Gao Xingjian, mai lambar shekarar 2000, zuwa harshen ƙasarsu. A ganina tambayar ba ta da amfani sosai, domin duk marubucin da ba ya rubutu da manyan harsunan Turai ta wannan gada yake bi. Tambayar da ta fi nauyi ita ce wa ke riƙe da almakashi a maɗaba'ar waje. Editocin Landan da New York sun saba da yanka da sake jeri, abin da editocin Sin ba su cika yi wa manyan marubuta ba, don haka littafin Lang Tuteng na Jiang Rong, labarin kyarketai da makiyayan Mongoliya ta Gida da ya fito a 2004, wanda kamfanin Penguin ya sayi haƙƙinsa a kan dala 100,000, ya iso Turanci babu doguwar laccar da marubucin ya rufe shi da ita, inda ya kwatanta Sinawa manoma da tumaki, makiyaya kuma da kyarketai. Labarin ya fi daɗin karatu a haka, amma an cire ainihin abin da ya jawo masa cece-kuce a gida.

Kasuwar waje tana da nata ɗanɗano, kuma babu abin da take so kamar a rubuta a bangon littafi cewa an haramta shi a Sin. Wani lokaci littafin ya cancanci kulawar: Yan Lianke, wanda ya karɓi kyautar Franz Kafka a 2014, ya rubuta Dingzhuang Meng a kan ƙauyukan lardin Henan da cutar ƙanjamau ta cinye sakamakon cinikin jini, kuma aiki ne mai nauyi ko da ba a hana shi ba. Amma idan haramci ya zama tikitin shiga, sai hoton ya karkace, mai karatu ya ɗauka cewa adabin Sin bai wuce bulala da kurkuku da kukan zalunci ba. Lu Yao ya rasu a 1992 yana da shekara 42, bayan ya kammala Pingfan de Shijie, dogon labarin wasu 'yan'uwa biyu 'ya'yan talakawa a karkarar Shaanxi, ɗaya ya zauna gida yana gasa bulo, ɗaya ya tafi haƙar kwal. Littafin ya ci kyautar Mao Dun a 1991, kuma har yau yana cikin waɗanda ɗaliban Sin suka fi ara a ɗakunan karatu, amma a waje da wuya ka haɗu da wanda ya san sunansa, domin ba shi da abin kunya a bayansa, ba shi da salo mai ban mamaki, kuma tsawonsa ya kai juzu'i uku.

Abin da ya karya wannan tsari ya zo ne ta inda ba a zata ba. Liu Cixin a da injiniya ne a wata tashar lantarki a lardin Shanxi, yana rubuta labaran almarar kimiyya a lokacin hutunsa, kuma San Ti, labarin wata duniya mai rana uku da mazaunanta suka nufo tamu, ya fara fitowa a mujalla a 2006. Da aka zo buga shi littafi a 2008, sai aka ɗauke babin da ya buɗe labarin, inda ake dukan wani malamin kimiyyar fiziks har lahira a gaban 'yarsa a 1967, aka tura shi tsakiya domin kada ya tsone ido. Ken Liu, wanda ya fassara shi a 2014, ya ba da shawarar a maido da shi farko, marubucin ya amince da murna tun da haka ya tsara shi da fari, kuma a 2015 littafin ya zama fassara ta farko da ta ci kyautar Hugo, babbar kyautar labaran almarar kimiyya, a ɓangaren dogon labari. A shekarar da ta biyo baya Hao Jingfang ta ci tata da wani gajeren labari inda birnin Beijing ke naɗewa kamar tabarma domin mutanen aji uku su yi kwanan karɓa-karɓa a fili ɗaya, masu kuɗi su sami yini da dare cur, masu kwasar shara su sami 'yan sa'o'in dare. Ken Liu ya yi abin da editoci suka daɗe suna gudu, wato ya sa bayanai a ƙasan shafi, ya kuma bar wasu jimloli da ƙamshin Sinancinsu, masu karatu kuma ba su gudu ba.

A can ƙasa da duk wannan, inda masu ba da kyaututtuka ba sa leƙawa, akwai kogin da ya fi kowanne yawan ruwa, wato labaran intanet. A dandamali irin su Qidian, wanda aka kafa a 2002, marubuci na sakin babi kullum, masu karatu na biyan 'yan kuɗi kaɗan kafin su buɗe, labari ɗaya kuma na iya haura babi dubu, tsarin da marubutanmu masu sayar da littafi shafi-shafi a WhatsApp ba za su ga baƙonsa ba. Yawancinsu labaran jarumai ne masu neman dawwama ta hanyar horar da jiki da ruhi, jikokin labaran takobi na Jin Yong, wanda shi kansa shahararren littafinsa na 1957 sai a 2018 ya fara fitowa da Turanci a hannun Anna Holmwood, inda aka yi ta gardama don ta fassara sunayen wasu jarumai maimakon ta bar su. A ƙarshen 2014 wani Ba'amurke ɗan asalin Sin mai suna Lai Jingping, wanda a lokacin ma'aikacin diflomasiyya ne, ya buɗe dandalin Wuxiaworld yana fassara irin waɗannan labarai babi-babi, masu karatu na haɗa kuɗi don a ƙara sauri. Masu fassarar wannan fage ba su da lokacin goge Turanci, don haka suka bar kalmomi irin su qi (ƙarfin rai) da dao (tafarki) da shifu (malami) yadda suke, suka juya karin magana kalma da kalma, har maganar nan ta cewa mutum yana da ido amma bai gane Dutsen Tai ba, wadda ake faɗa wa wanda ya raina babban mutum bai sani ba, ta zama abin barkwanci a bakin matasan da ba su taɓa taka ƙasar Sin ba. Kamfanin da ya mallaki Qidian ya buɗe nasa dandalin na Turanci a 2017, kuma a 'yan shekarun nan wani kaso mai yawa na babukan da ake sakawa a can na'ura ce ke fassara su, mutum ya bi baya ya ɗan share, wani lokaci ma sunan jarumi ɗaya ya canza sau biyu kafin a kai ƙarshen babi, masu karatu su yi ƙorafi a ƙasa, su kuma biya kuɗin babi na gaba.